Kaskar kusu: ƙwaron da ke dawowa kan mutanen gida bayan an kashe ɓeraye

Akwai wani ƙaiƙayi da ke shiga gida ya hana kowa barci. A duba katifa ba kuɗin cizo, a duba kan yara ba ƙwarƙwata, gidan sauro kuma yana nan a ɗaure lafiya lau. Sai a fara zargin sabon sabulu ko ruwan wanka, ko a ce ƙurajen zafi ne. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: yaushe aka sa maganin kusu a gidan? In amsar ita ce mako ɗaya ko biyu da suka wuce, to da alama kaskar kusu ce ta rasa mai ciyar da ita, ta juyo kan mutane.

Mene ne wannan ƙwaro

Mutane kan haɗa duk ƙananan ƙwarin da ke jikin dabba su ce ƙuma. Amma wannan daban take. Ƙuma tana da ƙafa 6 kuma tana tsalle. Wannan kuwa in ta girma ƙafarta 8, ba ta tsalle, ba ta tashi, tafiya kawai take yi. Dangin kaska ce, cikin rukunin da ake kira acariens da Faransanci, shi ya sa a nan muke ce mata kaskar kusu. Sunanta a wurin masana Ornithonyssus bacoti. Wani masanin ƙwari ɗan Ingila mai suna Hirst ne ya fara bayyana ta a 1913, daga ɓerayen da aka kama a Masar, kuma yau ana samun ta kusan ko'ina a duniya inda mutum da kusu ke zama tare.

Tsawonta kimanin milimeta 1 ne, wato kamar ɗigon da bik ke bari a takarda. In tana jin yunwa launinta fari-fari ne ko ruwan toka, in ta ƙoshi da jini sai ta koma ja ko baƙi-baƙi. Mai ido zai iya ganin ta in tana motsi a kan farin abu, amma a kan tabarma ko bangon laka sai dai a ji cizo.

Abin da ya fi muhimmanci a sani game da ita shi ne ba a jikin kusu take kwana ba. A sheƙarsa take zaune, cikin tsummoki da takardu da ledojin da ya tara, da tsagogin da ke kewaye. Tana hawa jikinsa ta sha jini, galibi da dare, ta sauka ta koma ta yi ƙwai. Daga ƙwai zuwa babba kimanin mako 2 ne. Mace ɗaya tana rayuwa wajen wata 2, kuma tana iya yin ƙwai kusan 100. Muddin ɓerayen na nan, ba ruwanta da mutum sosai, sai in sun yi yawa ƙwarai. Ranar da kusu ya mutu ko ya bar sheƙa, ranar ce take fitowa neman jini, tana bin ɗumi da numfashi, ta bi azara, ta bi wayar kuran, ta bi tiyon ruwa, ta sauko daga tsagar filafon. Tana iya jure yunwa makonni da dama. Jinin mutum yana kashe mata yunwa, sai dai ba ta kafa zuriya a kansa, kuma ba ta shiga cikin fata.

Ɓerayen da ke kawo ta

A Yamai, masu bincike na cibiyar AGRHYMET da Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar IRD ta Faransa sun bi unguwanni suna ɗana tarko, suka fitar da sakamakon a 2014. Sun tarar cewa kusun da ya cika gidajen mutane shi ne namu na gida, Mastomys natalensis, wanda macensa ke da nonuwa masu yawa kuma takan haifi ƴaƴa 10 ko fiye a ciki ɗaya. Baƙin ɓera mai doguwar wutsiya da ƙaramin kusun Turai, waɗanda baƙi ne da suka biyo kayan fatauci, an fi samun su a wuraren kasuwanci da masana'antu. Bambancin yana da amfani ga mai neman sheƙa: namu na gida ya fi son rami a gindin bango da ƙarƙashin kaya, baƙin ɓera kuwa gwanin hawa ne, a rufin ɗaki yake zama.

Lokacin da abin ya fi tsananta shi ne bayan kaka, sa'ad da aka shigo da damman hatsi da buhunan wake da gyaɗa cikin gida, da kuma shekarun ambaliya irin 2020 da 2024, inda ruwa ke cika ramuka ya koro ɓeraye zuwa ɗakunan da suka tsaya. Masu kiwon ɓeran Masar su ma su duba kejinsu, domin ƙwaron na zama a shimfiɗarsa.

Yadda za a bambanta ta da sauran masu cizo

Cizonta ƙananan ƙuraje ne ja, masu tsananin ƙaiƙayi, wani lokaci a tare wuri ɗaya. Ta fi son inda tufa ta matse jiki: ƙugu wajen ɗaurin zane ko tazugen wando, hammata, wuya, ƙarƙashin nono. Yara da jarirai sun fi shan wahala. A ɗaki ɗaya kuma za a ga wani jikinsa ya yi kaca-kaca, wani ko alama babu, domin fatar mutane ba ɗaya take karɓar cizon ba. Wannan kan sa maigida ya ce ai shi ba ya jin komai, don haka ba ƙwaro ba ne. Ƙwaro ne.

Ƙazuwa ita aka fi rikita ta da ita, kuma a nan ne kuɗi ke tafiya a banza. Ƙazuwa ma wata ƴar kaska ce ke kawo ta, amma ita cikin fata take haƙa ta zauna. Tana kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da al'aura, tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma duk inda mai ita ya tafi tana tare da shi. Kaskar kusu kuwa ta ɗaki ce. In yaro ya je ya yi kwana 4 ko 5 a gidan kakarsa sababbin ƙuraje suka daina fitowa, ya dawo suka dawo, to matsalar tana cikin ɗakin. Maganin ƙazuwa da ake shafawa a jiki, irin benzoate de benzyle, ba zai kawo ƙarshenta ba ko an shafa kwalba 10, domin ƙwaron ba ya jikin.

Kuɗin cizo babba ne, ya kai rabin santimeta, yana barin baƙaƙen ɗigo a ɗinkin katifa da tsagar gado, kuma ya fi cizon inda jiki ke buɗe. Ƙuma ta fi kama ƙafa da idon sawu.

Don a tabbatar, a shimfiɗa farin ƙyalle ko farar takarda a gindin bangon da ake zargi, ko ƙarƙashin tsagar rufi, a ɗora kwalbar ruwan ɗumi a kai, a kashe fitila. Bayan wani lokaci a haska da fitilar salula. In an ga ƙananan ɗigo suna tafiya, a danne ɗaya da yatsa: wadda ta sha jini za ta bar jan tabo. A manna wasu a jikin sikoci a liƙa a takarda, a nuna wa ma'aikacin lafiya ko likitan dabbobi. Kyamarar salula ma in an ƙara mata girma tana nuna ƙafafun.

Me ya sa guba ke ƙara dagula lamari

Yawancin mutane in sun gaji da ɓarnar kusu sai su sayi magani a kasuwa su barbaɗa a abinci. Magungunan da ke tsinka jini ba sa kashewa nan take, sai bayan kwana 3 zuwa 7. Kusun da ya ci yakan koma sheƙarsa ya mutu, cikin bango, ko sama a filafon, inda hannu ba ya kai. Da zarar gawar ta huce, duk ƙwarin da ke kanta da na cikin sheƙar sun zama marayu, kuma ɗakin barci ne mafi kusa. Mutanen gida sun huta da ƙarar kusu, ga wari, ga ƙaiƙayi.

Don haka a gidan da ake kwana tarko ya fi guba nesa ba kusa ba. Tarkon ƙarfe mai ɗanawa yana ba mutum gawar a hannu, ya san inda take, ya kawar da ita tun ƙwarin ba su watse ba. A ɗana shi a jikin bango, bakinsa na fuskantar bangon, domin kusu gefen bango yake bi, ba ya son tsakiyar fili. Ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi ko tunkuza sun isa abin yaudara. Tarko ɗaya bai isa ba. Gara 5 ko 6 a dare ɗaya da guda ɗaya na tsawon wata. Baƙin ɓera yana tsoron sabon abu, saboda haka a ajiye masa tarkon da abinci ba a ɗana ba har dare 2 ko 3, sai ya saba a ɗana. A duba tarkuna da asuba, kada a bari sai rana ta take.

Kada a taɓa gawar da hannu. A sa safar roba, in babu a zura hannu cikin leda. A jiƙa gawar da tarkon da ruwan jabel, a sa ta a leda biyu a ɗaure, a binne da zurfi ko a ƙone. Jefa ta bayan katanga, kamar yadda aka saba a unguwanninmu, kai wa maƙwabci ƙwarin ne, sannan ga kaji da yara masu wasa a juji.

Sheƙar ita ce gidan ƙwaron

Duk aikin da aka yi in ba a gano sheƙa ba, rabin aiki ne. Alamunta ba su da wuyar gani: kashin kusu mai kama da baƙar shinkafa, baƙin maiƙo a inda jikinsa ke gogar bango, yagaggun tsummoki da takardu, ƙarar gudu a rufi da dare. In an rasa hanyar, a barbaɗa toka ko gari a gindin bango da daddare, da safe sawu zai nuna. Wuraren da ya kamata a fara dubawa su ne bayan buhunan hatsi, ƙarƙashin gado inda aka tura akwatuna da kwanonin aure shekara da shekaru, cikin tsohuwar kujerar kushin, bayan firiji, tsakanin tol da filafon, da tarin itace ko kara da ke jingine da bangon ɗaki.

In an same ta kada a ɗauko tsintsiya. Shara a bushe tana tayar da ƙurar fitsari da kashin kusu zuwa hanci, tana kuma watsa ƙwarin. A buɗe ƙofa da taga iska ta shiga na rabin awa, a rufe hanci da baki, a sa safa. A fara fesa maganin ƙwari a kewayen sheƙar, domin masu gudu su taka shi. Sannan a jiƙa sheƙar da kashin da ruwan jabel, awo 1 na jabel cikin awo 9 na ruwa, a bar shi minti 5 zuwa 10, a kwashe da tsumma ko takarda a sa a leda a ƙone. Jabel ƙwayoyin cuta yake kashewa, bai kamata a dogara da shi kaɗai a kan kaskar ba. A wanke wurin da ruwan zafi da omo. Mai aikin ya cire tufafinsa ya jiƙa su nan take, ya yi wanka kafin ya zauna a kan gado.

Magungunan feshi da suka dace su ne na dangin pyréthrinoïdes, irin perméthrine da deltaméthrine. A duba takardar kwalba a ga lambar izinin CSP, wato kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, kuma a tabbata na cikin gida ne, ba na gona ba. A fesa a tsagogi, gindin bango, kewayen ramuka da cikin rufi, ba a iska ba, ba a kan katifa ko kwanon abinci ba. A fitar da yara da dabbobi har wurin ya bushe. Mai kyanwa ya kula, perméthrine guba ce gare ta. A sake feshi bayan kwana 10 zuwa 14, domin ƙwan da ya tsira a karon farko ya ƙyanƙyashe a lokacin.

Abubuwa biyu ne kada su shiga ɗakin barci ko da ƙaiƙayin ya kai ina. Na farko ƙwayar phosphure d'aluminium, wadda aka fi sani da Phostoxin, da ƴan kasuwa ke sa wa buhunan wake. In ta sha danshi tana fitar da iskar da ke kashe mutum cikin barci, tana ratsa tsagar bango zuwa ɗakin da ke kusa, kuma ba ta da makari. Na biyu piya-piya da ake sayarwa cikin ƙananan kwalabe marasa suna, wato dichlorvos. Hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta hana sayar da irinsa barkatai a kasuwanni tun 2019, amma har yanzu yana ƙetaro iyaka. Akwai masu yayyafa shi a katifa, har da masu shafa wa yara a kai. Wannan ganganci ne.

Kayan shimfiɗa kuwa ba sa buƙatar guba. Zannuwa da tufafi da rigar matashi a wanke su da ruwan da ya kai digiri 60, wato wanda hannu ba zai iya jurewa ba, a shanya a rana, a goge su. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin baƙar leda a bar shi a rana tun hantsi har la'asar. Ranar Afrilu da Mayu a Tawa ko Damagaram ta isa wannan aiki. Da ɗari kuwa sai a maimaita kwana 2 ko 3. Katifa da tabarma a fitar da su rana ana juyawa. Gado a janye shi daga bango, kada gidan sauro ko zanen gado ya taɓa ƙasa. Gidan sauron kansa ba ya tare ta, ramukansa sun yi mata faɗi.

Toshe hanya da ɗauke abinci

Toshe ramuka shi ne aikin ƙarshe, sai tarkuna sun yi kamar mako guda ba su kama komai ba. Wanda ya toshe da wuri ya rufe ɓeraye a cikin bango, ya koma matsalar mai guba. Ƙaramin kusu yana wucewa ta ramin da bik zai shiga, kimanin milimeta 6. Babban ɓera yana buƙatar ninki biyu na haka. Laka kaɗai ko tsumma ko leda ba sa tsayar da haƙorinsa. A cika ramin da tsakuwa da fasassun kwalabe a shafe da siminti, a sa ragar waya mai ƙananan ido a bakin kwata da tagogin iska, a buga gwangwani a gindin ƙofar katako.

Masu magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hatsi da gari su shiga tano ko duro mai murfi. Buhuna su hau kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda za a iya leƙawa da fitila. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, amma haƙorin kusu na huda shi, shi ma a ɗaga shi. Kwanonin tuwon dare da dusar awaki da ruwan da ke kwana a buɗe, su ne ke ciyar da ɓerayen gari.

A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda ɗakuna ke jere ƙarƙashin rufi guda, ba wanda zai yi wannan aiki shi kaɗai. Saman filafon hanya ɗaya ce daga ɗakin farko zuwa na ƙarshe. In ɗan haya ɗaya ya sa guba, maƙwabcinsa ne zai sha cizo. A sa rana guda, kowa ya ɗana tarko, mai gida kuma ya ɗauki gyaran rufi.

In an bincika ba a ga alamar kusu ba, a leƙa akurkin kaji da ɗakin tantabaru da sheƙar tsuntsaye a ƙarƙashin tol. Jar kaskar kaji, Dermanyssus gallinae, halinta ɗaya: da rana tana tsaga, da dare tana kan kaza, in kaji sun ƙare ko ƴan tsuntsu sun tashi sai ta nufo ɗaki.

Fata da lafiyar jiki

Ƙurajen kan baje da kansu cikin mako 1 zuwa 2 in ba sabon cizo. Wanka da sabulu, tsumma mai sanyi da man kaɗe suna rage zafi. A farmasi ana samun calamine da ƙwayoyin rage ƙaiƙayi irin cétirizine ko chlorphéniramine. Na yara da masu ciki sai da shawarar ma'aikacin lafiya. A yanke wa yara farce, domin susa ce ke mai da ƙurji gyambo. A guji mayukan bilicin masu ƙarfi da ake sayarwa a tebur: suna kwantar da ƙaiƙayi, amma suna sa fata ta yi siriri, suna kuma ɓoye ciwon da ya fara ruɓa.

Kaskar kusu ta ƙasashe masu zafi an fi sanin ta da ciwon fata. Wata ƴar'uwarta mai bin ƙaramin kusun Turai, Liponyssoides sanguineus, ita ce ke ɗauke da ƙwayar Rickettsia akari, wadda aka gano a 1946 bayan zazzaɓi ya kama mazauna wasu benaye a birnin New York na Amurka. Alamarta baƙin tabo a inda aka ciza, sai zazzaɓi da ƙuraje masu kama da na ƙaranbau, kuma tana jin maganin doxycycline. A wurinmu haɗarin da ya fi girma daga kusun kansa yake. Mastomys natalensis shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa na Borno, kuma ta fitsari da kashi yake yaɗa shi. A 2015 masu bincike sun ba da rahoton samun ƙwayar leptospirose a ɓerayen lambunan bakin kogi a Yamai. Duk wanda zazzaɓi ya kama bayan ya share sheƙa, ko ƙurajensa suka yi ruwa suka kumbura, ya je CSI mafi kusa. Za a fara da gwajin zazzaɓin cizon sauro, amma ya faɗa wa likita da bakinsa cewa ya yi aiki cikin kashin kusu.

Bayan an kawar da ɓeraye da sheƙarsu, cizon yakan ragu a hankali, ba ya yankewa rana ɗaya, kuma ƴan tsiraru na iya ci gaba har wata guda ko ɗan fiye. In an wuce mako 6 ana samun sababbin ƙuraje, akwai wata sheƙar da ba a gano ba. Haka kuma mai shirin tarewa a ɗakin da ya daɗe a rufe, ko magazar da aka kwashe hatsi za a mai da ita wurin kwana, ya yi gwajin farin ƙyalle da kwalbar ruwan ɗumi, ya sa a leƙa saman filafon, kafin ya shigo da katifa da yara.